Ranar da masassaƙinmu ya je kallon duwatsun Lawongo

 

Hirarmu ta yau a kan dutse take. Na san manomi ba ya shiri da dutse. In gona ta cika duwatsu, hauya takan dakushe, ƙota ta karye, hatsi ya fito tsilla-tsilla. Makiyayi ma ba ya son kora shanu ta kan duwatsu, saboda kofato. Ranar rabon gado ba wanda ke rigima a kan fako ko tsauni. To, a Burkina Faso, maƙwabciyarmu ta yamma, akwai wani fili mai duwatsu irin wannan, wanda mutane ke tasowa daga ƙasashe masu nisa su zo kallonsa. Sunan wurin Lawongo. Yana kusa da garin Ziniyare, kamar kilomita 35 daga Wagadugu, babban birnin ƙasar.

Wanda ya kawo mana labarin wani dattijo ne cikin ɗaliban makarantarmu ta yaƙi da jahilci. Mu dai Baba masassaƙi muke ce masa. Ya fi shekara 40 yana sassaƙa. Turamen da ake daka a gidaje da yawa na garinmu aikinsa ne, haka taɓarya da akushi da kujerar mata da allon yara. A shekarar 2018 ya bi ayarin dukawa da maƙera na jiharmu zuwa wata babbar kasuwar sana'ar hannu da ake ci a Wagadugu, wadda ake kira SIAO. Tun 1988 aka fara cin ta, galibi shekara biyu-biyu, masu sana'a na ƙasashen Afirka suna kai kayansu. Daga Yamai suka bi ta Torodi da Makalondi, suka shiga Burkina ta Kancari, suka wuce Fada Ngurma da Kupela, tafiyar sama da kilomita 500. Ƙasar Mosi ba baƙuwa ba ce gare mu. Ta nan fataken goro na kakanninmu suke ratsawa zuwa Gwanja, har yau kuma in ka shiga kasuwar Wagadugu za ka ji ana Hausa.

Mai rumfar da ke kusa da ta Baba wani mutumin Mosi ne, shi ma masassaƙin itace, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Wata rana ciniki ya yi sanyi, sai ya ce wa Baba: "Dattijo, gobe bar wa yaronka rumfa, in kai ka ka ga masu sassaƙa dutse." Baba ya ce dariya ya yi. Ya ce a ransa, dutse kuma? Wanda ya ga duwatsun Damagaram, waɗanda suka hau kan juna tsakiyar gari, wane dutse za a nuna masa? Amma baƙo ba ya ƙin gayyatar mai gida. Da safe suka hau moto, suka fita gari ta gabas. Lokacin kaka ne, an yanke dawa, ciyawa ta fara bushewa.

Da suka isa, suka biya kuɗin shiga, aka haɗa su da wani saurayi mai nuna wa baƙi hanya. Ba wani gida ba ne mai rufi. Daji ne, da itatuwa da ciyawa da ƴan hanyoyin ƙafa, duwatsu sun warwatsu ko'ina, wani kamar tinkiya a kwance, wani kamar rumbu. Baba ya ce yana cikin tafiya, yana duban ƙasa don ƙaya, sai ya ɗaga kai ya ga fuska tana dubansa. Fuskar mutum ce cikin dutse, ta fi ƙofar zaure faɗi, ido da hanci da leɓe duk sun fito, bayanta kuwa dutse ne kawai yadda Allah ya ajiye shi. Ya ce ya ja da baya taku biyu. Abokinsa ya yi ta dariya.

Ga yadda wurin ya samu. Wani masassaƙi ɗan Burkina mai suna Siriki Ki shi ne ya ga duwatsun, ya ce a gayyato masu sassaƙa na duniya su zo su yi aiki a kansu, a nan inda suke. A farkon shekarar 1989 aka yi taro na farko. Masassaƙa 18 suka zo daga ƙasashe 13. Kowa ya zaga dajin, ya zaɓi dutsen da ya kwanta masa a rai, ya zauna a kansa makonni. Da suka gama, kowa ya tattara kayan aikinsa ya koma ƙasarsa, aikin kuwa ya tsaya a Lawongo. Tun daga nan, bayan shekara biyu ko fiye, wasu sukan zo su ƙara nasu. Abin da Baba ya tarar ke nan, aikin hannun mutane na kusan shekara 30, baƙaƙe da farare, maza da mata.

Ni abin da ya fi yi mini daɗi a labarin Baba shi ne yadda ya kalli wurin. Mu in muka je, za mu ce wannan mace ce da goyo, wannan dabba ce, mu wuce. Shi kuwa ido irin na mai sana'a gare shi. Ya ce duk dutsen da ya tsaya wajensa, sai ya zaga bayansa tukuna, don a baya ake gane inda mutum ya fara da inda ya gaji. Sa'an nan ya shafa da hannu. Wani wurin kaushi kamar harshen sa, nan guduma da ƙarfe mai tsini suka bi, sara kusa da sara. Wani wurin an yanke shi tsaf, wannan aikin inji ne mai faifai. Wani wurin kuma an goge shi har yana sheƙi kamar an shafa masa mai, in rana ta buge shi sai ka kau da ido. Dutse ɗaya, amma launi uku, saboda aikin hannu kawai.

Turawa suna ce wa irin wannan dutse garanit. Matanmu sun san taurinsa, don irinsa ne ake nema a yi dutsen niƙa. Wadda ta taɓa zama tana ƙoda dutsen niƙa da maƙodi, ta san wuni guda ana bugu ba a cire abin da zai cika tafin hannu. To, ku auna mutumin da zai fitar da kunne, ko yatsun jariri, daga cikin irin wannan. Baba ya ce: "Malam, itace yana da hanya. In na sa gizago a ƙirya, na san inda za ta tsage, sai in bi ta. In na yi kuskure, in rage turmin ya zama ƙarami, in sayar. Su kuwa in hanci ya ɓalle, ina za su sami wani hanci?"

Akwai wani abin da ya lura da shi kuma. Masu gwanintar cikinsu ba su yi faɗa da dutsen ba. In dutse ya zo a kwance, sai su yi abu mai kwanciya. In ya zo da tsaga, sai tsagar ta zama baki, ko ta raba fuska biyu. Ya ce haka shi ma yake yi in ya shiga daji. Kafin ya ɗaga gatari, yakan zaga icce, ya ga turmin a ciki, ya ga inda taɓarya za ta fito daga reshe. Ya ce wannan ya sa ya ji mutanen nan ƴan'uwansa ne, ko da yake bai ga ko ɗaya cikinsu ba, kuma ko ya gan su ba ya jin yarensu. A jikin waɗansu duwatsun akwai suna da shekara. Lokacin bai daɗe da fara karatu ba, sai ya tsaya yana haɗa baƙaƙe ɗaya-ɗaya, saurayin yana jiransa cikin rana.

Wasu ayyukan kuwa bai gane musu ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce akwai wanda ya zaga sau uku, ba mutum ba, ba dabba ba, ba tukunya ba. Ya tambayi saurayin, saurayin ya yi dogon bayani, shi dai bai gamsu ba. Ya ce a ganinsa mai aikin rana ce ta kore shi. Ni ban ga laifin Baba ba. Ba dole ba ne duk abin da aka sassaƙa ya yi kyau don an zo daga nesa an yi shi.

Da yake ba mu labarin, wani cikin ɗalibai ya ce: "Baba, ashe gumaka kuka je kallo?" Tambaya ce mai kyau, na san da yawa cikinku ita ce a bakinku. Baba ya ce shi bai ga jini ko gashin kaza a kan ko ɗaya ba, bai ga wanda ya durƙusa ba. Abin da ya gani ƴan lakwal ne da mushensu, suna tafe da littafi suna kwafar zane. Da azahar ta yi, ya sami inuwa ya yi sallarsa. Game da sassaƙa siffar abu mai rai, malamanmu suna da magana, kowa ya tambayi malaminsa. Baba kansa ba ya sassaƙa mutum, kuma bai fara ba da ya dawo. Amma a Lawongo akwai ayyuka da ba siffar kowa ba ce, zane ne kawai, mai kama da wanda magina ke yi a fuskar gidajen unguwar Birni a Damagaram, ko wanda ake yi wa ƙwarya.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda ya yi a ƙarshe. Ya ce: "Malam, na zauna a kan wani fa ina cin gyaɗa, sai na shiga lissafi. Turamen da na yi tun ina saurayi, ina suke? Wasu sun tsage, wasu gara ta cinye, wasu sun shiga murhu. Masu kyan cikinsu baƙi sun saye sun tafi da su. In jikana ya ce in nuna masa aikina na shekara 30 da suka wuce, ba ni da abin nunawa. Su kuwa nasu yana nan. Ba mai iya ɗora shi a amalanke."

Ku dubi wannan magana da kyau. Sana'ar Baba tana cikin wahala. Ƙirya ta yi wuya a dajinmu, sai an yi tafiya mai nisa, kuma sai da takardar ma'aikatan gandun daji. Roba da kwanon ƙarfe sun kori akushi, injin niƙa ya rage wa turmi aiki. Ƴaƴansa biyu sun ƙi gizago, sun tafi cin rani. Duk abin da ya yi, sayarwa yake ya ci, ya wuce. A Lawongo kuwa an juya abin. Aikin ba ya zuwa kasuwa, masu kuɗin ne ke zuwa wurin aikin, bana su zo, baɗi wasu su zo. Mai nuna hanya ya samu, mai gadi ya samu, mai sayar da ruwa da mai moto su samu.

A Wagadugu ɗin nan, a unguwar da ake kira Pisi, akwai wani babban rami inda maza da mata ke fasa irin wannan dutse. Sukan ƙona tsofaffin tayoyi a kansa don ya tsage, sa'an nan su zauna cikin hayaƙi da ƙura su farfasa shi da hannu ya zama tsakuwa, a saya a yi gini. Neman halal ne, ba abin raini ba. Amma dutsen da aka fasa aka auna a kwano, sau ɗaya ake cin kuɗinsa.

Wani abu ma ya biyo bayan duwatsun. A shekarar 2010 wani Bajamushe mai shirya wasan kwaikwayo ya zaɓi fili kusa da su, aka aza harsashin wani ƙauye na koyon kiɗa da wasa. Shi ya rasu a wannan shekara, amma aikin bai tsaya ba. An buɗe lakwal a 2011, gidan likita kuma a 2014, mutanen ƙauyukan kewaye suna amfana. Wanda ya tsara ginin ɗan Burkina ne, Faransis Kere, ɗan wani ƙauye mai suna Gando. Da tubalin ƙasa yake gini, ya ɗaga rufi sama don iska ta ratsa, ɗaki ya yi sanyi ba tare da lantarki ba. A 2022 aka ba shi lambar yabo mafi girma ta masu tsara gini a duniya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Masu cewa ginin laka na talaka ne, sai su ji.

Kada in yi muku daɗin baki. Tun bayan tafiyar Baba, hanyar Kancari da Fada ta lalace saboda ƴan bindiga, baƙi sun ragu a Burkina kamar yadda suka ragu a wurinmu. Ban ce kowa ya ɗaura kaya ya tafi ba. Dutse ba ya ciyar da kowa in babu zaman lafiya. Sai dai shi yana iya jira, gara ba ta cin sa.

Yanzu bari mu dawo gida, don mu ma muna da namu, kuma ya girmi na Lawongo nesa ba kusa ba. A jihar Agadas, kamar kilomita 110 arewa da garin, kusa da hanyar Arlit, akwai wani wuri mai suna Dabus. A kan wani falalen dutse an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babba da ƙarami. Babban tsawonsa mita 5 da ɗigo 4, wato kamar mutum uku a tsaye kan juna. Duk zanen fatarsa an fitar, da ido da kofato. Daga bakin kowanne wani layi ya sauko zuwa ga wani ɗan ƙaramin mutum. Masana sun ce aikin ya kai shekara 6000 zuwa 8000. Lokacin ba a san ƙarfe ba, da dutse aka sassaƙa dutse. Lokacin kuma ƙasar da muke gani hamada tana da ruwa da ciyawa da namun daji. A duwatsun kewaye an ƙirga zane sama da 800, da yawa na shanu ne. Makiyaya, wannan aikin magabatanku ne a sana'a.

Raƙumin dawa ya ƙare a can tun da daɗewa. Ragowar irinsa a Afirka ta Yamma duka a wurinmu suke, galibi a yankin Kure kusa da Yamai. A 1996 saura 49 kawai, aka tsare su har suka haura 600. A 2018 aka ɗauki 8 aka kai Gadabeji, a jihar Maraɗi.

Buzayen wurin sun daɗe da sanin zanen Dabus, amma sai a 1987 wani Bafaranshe mai bincike ya kai labarinsa duniya. Da labari ya bazu, sai ɓarna ta fara. Masu kallo suna taka shi da takalmi, wasu suna ɓantarar guntu su tafi da shi, wasu suna karce sunansu a jiki. Dutsen can kuwa bai kai na Lawongo tauri ba. A 1999 masana suka zo suka ɗauki kwafinsa ba tare da sun cire shi ba, aka zuba irinsa da ƙarfen sanholo, aka kafa a filin jirgin sama na Agadas. Na ainihin aka bar shi inda masu shi suka yi shi, aka haƙa rijiya, aka sa mutanen wurin su yi gadi. Wannan shi ne daidai.

Inda ba a yi haka ba, ga abin da ya faru. A Bura, yankin Tera cikin jihar Tilaberi, an gano wata tsohuwar maƙabarta a 1975, mai tulunan ƙasa da kawunan mutane da mahaya doki na yumɓu. Masanin ƙasarmu Bube Gado ya yi tono a wurin a 1983. Da aka nuna kayan a Faransa a 1993, Turawa masu tara kayan da suka gani suna so. Dillalai suka bazu ƙauyuka. Shekarun yunwa ne, mutane suka ɗauki diga suka bi kufai suna tonewa, suna sayarwa da kuɗin tiya kaɗan na hatsi. Ban zargi mai jin yunwa ba. Amma hatsin an cinye shi a mako guda, kayan suna gidajen masu kuɗi a Turai da Amurka, ƙauyukan kuma sai ramuka. Ba wanda zai hau mota ya zo kallon rami.

Saboda haka ga roƙona, musamman ga makiyaya masu hawa arewa da damina, da manoma masu sassabe kusa da kufai. In kun ga zane a jikin dutse, ku bar shi yadda yake. Kada a hura wuta a gindinsa, don zafi yana ɓare fuskar dutse. Kada a jiƙa shi da ruwa wai don ya fito sosai. Ku kuma ɗalibaina, na san daɗin da mutum ke ji ranar da ya fara rubuta sunansa, har ya so ya rubuta shi ko'ina. Ku rubuta a allo, a littafi, a ƙasa, a bangon ɗakinku, ban da kan zanen mutanen da. In garma ta tono tulu ko kan yumɓu, a mayar da ƙasa a rufe, a gaya wa mai gari, shi kuma ya kai magana ma'aikatar magajin gari. Tun 1997 ƙasarmu tana da doka mai tsare irin waɗannan kaya, kuma sayar da su ga dillali laifi ne. Wanda tafiya ta kai shi Yamai, ya shiga gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe tun 1959. A fili yake shi ma, kuma akwai rumfunan masu sana'ar hannu, dukawa da maƙera da masaƙa suna aiki a gaban jama'a, kana iya tsayawa ka yi musu tambaya.

Wanda ya san wani dutse mai zane a yankinsu, ya rubuto mana, ko ya sa malamin makarantarsu ya rubuta masa. Ya faɗi sunan ƙauye ko rijiyar da ke kusa, da abin da aka zana, da ko akwai mai kula da shi. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.